Sharhi kan ƙamusun WordReference: yadda ake cewa "ka leƙo mu" da Sifaniyanci

Na gwada ƙamusun intanet na WordReference da ɗaya daga cikin kalmomin Turanci masu wahalar da mai fassara, wato "drop by". Ma'anarta dai ita ce abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce "in ka samu sarari ka leƙo", ziyarar da ba a sa mata rana ba, ba kuma a daɗewa. Michael Kellogg ne ya kafa ƙamusun a 1999, kyauta ne, kuma a nan ya gamsar da ni.

A rubuta kalmomin biyu tare. Wanda ya nemi "drop" kaɗai zai fara cin karo da ma'anar faɗuwa da sakin abu, ya bi hanyar da ba ta ɓullewa. In an haɗa su, sai "pasar" da "pasarse" su fito, kowacce da jimlar misali, kuma misalan nan su ne amfanin ƙamusun. "Pásate por casa cuando quieras" na nufin ka biyo ta gida duk sa'ad da ka ga dama. Wuri yana ɗaukar "por". Mutum kuwa sai an ce "pasar a ver a": "pasé a ver a mi tía", na leƙa gwaggona. Wannan "a" ta biyu dole ce, masu koyo kuma sukan manta da ita. Kada a kuskura a sa "de", domin a Sifen "pasar de alguien" yin biris da mutum ne.

Na kuma yaba da alamar ƙasa da ƙamusun yake sa wa wasu kalmomi, don Sifaniyanci ba ɗaya ba ne. A Sifen abokai kan ce "dejarse caer", a Meziko za ka ji "te caigo al rato", a Ajantina kuma "pasate" ake cewa, nauyin murya na kan gaɓar tsakiya. "Visitar" daidai ce, sai dai ta fi dacewa da ziyarar da aka shirya.

Ba ya fassara jimla sukutum, kai ne za ka gina ta, amma yana da jadawalin sarrafa aikatau da zai nuna maka siffar umarni. Babu Hausa a ciki, don haka sai mai jin wani harshe kamar Turanci ko Faransanci zai more shi, kuma sai da intanet.