GFP_KERNEL ko GFP_ATOMIC: Wanne Za Ka Ba kmalloc?

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jidda ya kawo mini direban na'ura da ya rubuta wa Linux, wato manhajar da ke sarrafa na'urar. Da kmalloc direba ke roƙon ƙwaƙwalwa daga kanel, wato zuciyar Linux, yana haɗawa da alamar da ke nuna ko zai iya jira (GFP_KERNEL) ko ba zai iya ba (GFP_ATOMIC). Duk inda ya kira kmalloc, GFP_ATOMIC ya sa. "Yaya, ai shi ne ba ya jira," in ji shi.

Haka ne, amma jiran nan shi ne ƙarfin GFP_KERNEL. Kamar mai layin tamis ne da asuba: in burodi ya ƙare, sai ya tsaya har a fito da wani daga tanda. Idan ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, kanel zai sa aikinka barci, ya kwato shafukan ƙwaƙwalwa, ya tura wasu kan faifai, sannan ya ba ka. Shi ya sa da wuya ka dawo hannu rabbana. Sharaɗin dai kana inda barci ya halatta.

GFP_ATOMIC na wurin da ba a barci ne: cikin lambar da ke amsa kiran gaggawa, wato katsewar na'ura, ko lokacin da kake riƙe da spinlock, makullin da mai jiransa ba ya barci. Ka yi barci a nan, mai jiran makullin ya yi ta jujjuyawa, injin ya daskare. Don haka aka bar GFP_ATOMIC ya taɓa ajiyar ƙwaƙwalwa ta gaggawa, ita kuwa ba ta da yawa. In ta ƙare, NULL, wato babu komai, kmalloc zai miƙo maka, dole ka duba.

Abin da ya dame ni, katin sadarwa ma da wannan ajiyar yake karɓar fakitin bayanai, ga direban ƙanena yana cin ta ba dalili. Sai muka ɗaga kiraye-kirayen kmalloc ɗin zuwa kafin ɗaukar makulli, muka mayar da su GFP_KERNEL. Ɗaya tak muka bari, na cikin katsewa.