Sarƙar azurfa mai zanen sunan Fir'auna: sharhin wata takwas

Na yi wa ƙanwata odar abin wuya na azurfa a wani ɗan shago a kasuwar Khan el-Khalili da ke Alƙahira, kusa da masallacin Husaini. Misirawa na kiransa khartusha. Zobe ne mai tsawo kamar an miƙar da ƙwai, da ɗan layi a gindinsa, a ciki kuma a rubuta sunan mutum da rubutun hotuna na mutanen da.

Aikin hannun kam babu laifi. Kwana biyu maƙerin ya ce, kwana biyun kuwa ya yi. Kowane harafi daban aka yanka aka liƙa, ba bugun inji ba ne, kana shafawa kana jin tudunsa a yatsa. Mujiyar da ke madadin harafin M har gashin fukafukinta ya fito, zakin da ke madadin L yana kwance da jelarsa. Bayan wata uku azurfar ta ɗan dushe a lungunan haruffan, muka goge da tsumma ta dawo. Maƙalin sarƙar ne siriri ƙwarai, ya buɗe a wata na biyu, sai da aka canza shi.

Inda raina ya ɗan sosu shi ne cika bakin mai shagon, wai "haka Fir'auna zai rubuta sunanta". Ba haka ba ne. Rubutun nan ba ya nuna wasula, kuma ungulun da suke sa wa a matsayin A harafin baƙi ne, ba wasali ba, a wurin masu shi. Jadawalin da ke manne a bangon shagon don baƙi 'yan yawon buɗe ido aka tsara shi. Ni ma sai da na koma gidan tarihi na Tahrir na tsaya gaban gumakan sarakuna sannan na gane bambancin.

Zoben nan igiya ce aka zagaya aka ƙulle, sunanta shenu a harshen Misirawan da, tana nuna mulkin sarki ya kewaye duk abin da rana ke kewayawa. Tun zamanin Fir'auna Sneferu ya zama al'ada. Kafin nan a cikin serekh ake sa sunan, wato zanen gaban fada mai kusurwa huɗu da shahon Horus, abin bautarsu, a kansa. Sarki na da sunaye 5, amma biyu kawai ke shiga igiyar: na sarauta, wanda ƙudan zuma da wata ciyawa ke gabata, da na yanka, mai agwagwa da faifan rana a gaba. Sunan khartusha kuwa daga sojojin Faransa da suka shiga Masar a 1798 ya samo asali, don sun ga ya yi kama da ƙunshin harsashinsu. Irin waɗannan zobba, masu sunan sarki Batlaimus da sarauniya Kiliyobatira, su suka taimaki masanin Faransa Champollion ya warware rubutun a 1822.

Shi ya sa na koma na sayi na biyu, mai sunan sarautar Tutankhamun, Nebkheperure. Faifan rana a sama, buzuzu a tsakiya da layuka uku ƙarƙashinsa, kwando a ƙasa. Alamu kaɗan, amma faifan, buzuzun da kwandon kowanne kalma ce sukutum. Ya fi na farkon kyau nesa ba kusa ba, kuma ya fi araha tunda ba oda ba ce.

Da na kai tsarabar gida, Hajiyarmu ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Kai yanzu duk faɗin Masar ka rasa abin kawo wa yarinya sai mujiya da kayan Fir'auna?" Ƙanwar tawa dai tana sawa, sai dai takan cire idan za ta yi salla saboda hotunan masu rai. Wanda wannan zai dama, ya nemi wadda aka yi wa adon furen bado kawai.

In za ka saya, ka nemi a nuna maka hatimin azurfa a baya, ka rubuta sunan da hannunka, ka kuma duba dabbobin duk gefe ɗaya suke kallo, don daga inda suka fuskanta ake fara karatu. Maƙalin kuma ka sa a canza maka tun a shagon.