DC Pride 2022: Labari Ɗaya Ya Biya Kuɗin Littafin

Tun 2021 kamfanin DC na Amurka ke fitar da wannan littafin labarai masu zane duk shekara, kan jarumansa masu neman jinsi ɗaya. Na 2022 ya fito a kan dala 9.99. Ransa shi ne labarin marigayi Kevin Conroy, wanda ya yi wa Batman murya a finafinan zane, inda ya bayyana yadda ɓoye cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne shekara da shekaru ya ba shi muryar jarumin mai fuska biyu. J. Bone ya zana, kuma labarin ya ci kyautar Eisner, wadda ake ba labarai masu zane, a 2023.

Sauran labaran gajeru ne ainun; kafin a saba da jarumi an rufe. A kula wajen saye: bangon kala-kala ne, amma cikin duk ɗaya ne, kada a biya sau biyu.