'Yar Rediyo Mai Memori: Taimako Ga Mai Jin Nauyin Baki Wajen Bishara

Yawancin masu bi da ke tsoron yin shaida a Jos ba rashin bangaskiya ke damunsu ba. Buɗe baki da farko shi ne wuyar. Ga tsoron tambayar da ba ka da amsarta, ga garin da tun rikicin 2001 kowa ke auna maganar addini kafin ya furta ta. A nan ne 'yar rediyon nan ta aljihu, irin wadda ake sayarwa a Terminus da Ahmadu Bello Way, take da amfani. Ita za ta karanta Nassi da Hausa daga katin memorin da aka zuba wa karatun, kai kuma ka saurara tare da mutum.

A sayi mai maɓallan lamba, 0 zuwa 9. Wadda ba ta da su wahala ce kawai, sai ka yi ta danna gaba har maganar ta huce. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, surori 260, karatun kusan awa 20, don haka katin memori mai 4GB ya isa har da saura. Kada a ɓata kuɗi kan mai 64GB, domin yawancin irin waɗannan rediyo ba sa karanta abin da ya wuce 32GB, kuma sai an goge katin an sa shi a tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32.

Inda aka fi samun matsala shi ne jerin surori. Da yawa daga cikin waɗannan rediyo ba sunan fayil suke bi ba, suna bin yadda aka zuba surorin ne a katin. A sa musu lamba daga 001 zuwa 260, a zuba bi da bi, kuma kada a cusa waƙar zumuntar mata ko guda a ciki, in ba haka ba lissafi ya rushe. In an yi daidai, Matiyu na da sura 28, Markus 16, saboda haka Luka 1 ita ce lamba 45. Danna 59 ka sami Luka 15, labarin ɓatacciyar tunkiya da ɗan da ya ɓata. Danna 72 ka sami Yohanna 4, matar nan a bakin rijiya. (Wata fassara Yahaya take cewa, kada ya rikita ka.) Rubuta lambobi huɗu ko biyar a takarda ka manna a bayanta.

Batirin galibi irin na tsohuwar Nokia ne, BL-5C, ana samunsa ko'ina. Wanda ke zuwa a cikin kwali bai cika ƙarko ba, a sayi na biyu tun a shagon. Ramin caji ne ke fara lalacewa, sai eriya. A gwada kati a gaban mai shago, domin na jabu sun yi yawa.

Aibinta babba shi ne tana sa ragwanci da rashin kunya. Wani sai ya ƙure murya a cikin keke ko a ƙofar shagon maƙwabci, wai yana bishara. Wannan tsokana ce. 1 Bitrus 3:15 ta haɗa ba da amsa da tawali'u da ladabi. A gaisa tukuna, a tambayi iyali, sannan: "Baba, in ba damuwa, akwai wani labari na minti biyar, ko za mu ji tare?" In ya ce a'a, a kashe, a ci gaba da hira. In ya ji labarin ɗan da ya ɓata, tambaya ɗaya ta isa: "Me ka gani a halin uban nan?" Abin da ya fi ƙarfinka kuwa, ka ce za ka tambayo fasto ka dawo, kuma ka dawo ɗin.

Ga mai kunya da wanda karatu ke ba shi wuya, ta ci kuɗinta. Muryarta dai ba ta kai taron da ya wuce mutum goma, musamman a waje lokacin iskar hunturu.