msgmerge wajen kwashe tsohuwar fassarar gem: yana aiki, amma a sa ido kan fuzzy

Duk mai fassara gem ya san wannan ciwon kan. Ka gama fassara kaf, sai masu gem ɗin su yi sabuntawa su sake fitar da fayil ɗin .pot (wato jerin rubutun gem ɗin na asali da ake fassarawa) sabo fil, wasu layuka sun canza wuri, wasu an goge, wasu an ƙaro, kai kuma ga tsohon .po ɗinka (fayil ɗin da fassararka take ciki) a hannu ba ka san ta ina za ka fara ba. Ni dai msgmerge nake amfani da shi, wato manhajar da ke kwashe tsohuwar fassara zuwa sabon fayil, yana cikin kayan aikin fassarar manhaja na GNU gettext, kyauta ne, kuma gem irin su Battle for Wesnoth da SuperTuxKart duk da fayilolin .po ake fassara su, injin haɗa gem na Godot ma yana karɓarsu.

Aikinsa ba wuya. Ka ba shi tsohon .po da sabon .pot, duk layin da rubutunsa na asali bai canza ba sai ya ɗauko fassararka ya ajiye a gurbinta. Wanda aka cire daga gem ɗin ma ba ya zubarwa, yana tura shi can ƙasa da alamar #~ ko za a dawo da shi wata rana, wannan kam ya burge ni sosai. In fayilolin da yawa ne, ɗan gajeren sikirif (jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) ya isa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Su ƙ da ɗ da ɓ kuma lafiya lau suke fitowa muddin an adana fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8.

Inda nake da ƙorafi shi ne fuzzy. In an ɗan taɓa jimla, sai ya lalubo wadda ta yi kama da ita ya manna fassararta ya sa wa layin alamar fuzzy, wato canka ya yi sai an duba, kuma a gem wannan haɗari ne wallahi, "buɗe ƙofa" da "rufe ƙofa" a wurinsa 'yan uwa ne tunda haruffa yake dubawa ba ma'ana ba. Gara ma da msgfmt, mai juya .po zuwa fayil ɗin .mo da gem ke karantawa, ba ya saka layin fuzzy a cikin .mo, amma fa sakamakon shi ne ɗan wasa zai ga Turanci tsakiyar Hausa har sai mutum ya zauna ya duba su. Shi ya sa kullum nake haɗa umarnin msgmerge da --previous, yana nuna min tsohuwar jimlar in ga me ya canza. In kuma ba ka son canki-cankin gaba ɗaya, sa -N.

Gem ɗin da ke ajiye rubutu a fayilolin JSON ko CSV kuwa msgmerge bai san zancen ba, sai ka fara juya su zuwa .po ko ka rubuta naka sikirif ɗin da zai bi lambar kowane layi. Kuma don Allah a ajiye kwafin tsohon fayil kafin a taɓa komai.