Wata uku ina ɗinki da kiɗan gem a kunne

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san shagon ɗinki ya san ba a raba mu da waƙa. Daga safe zuwa dare waƙoƙin Kannywood ne da na 'yan Legas. Ƙanena ne ya sa na canza kunne. Gab da azumi, lokacin da shadda ta taru har ba wurin aje ƙafa, ya biya mini kuɗin wata a manhajar sauraron waƙa ta Spotify, ya jera mini kaɗe-kaɗen wasannin bidiyo, wato gem, da na katun ɗin Japan, ya ce: "Yaya, gwada wannan idan za ka yi aikin dare." Yau wata uku ke nan, kuma tun wata na biyu ni nake biya da kaina.

Abin da na fara lura da shi, kuskuren awo ya ragu. Waƙar da muka saba ji baki gare ta, tana so ka saurare ta, ka bi amshi, ka tuna wadda kake so ko wanda ya ɓata maka. Ana cikin haka sai almakashi ya wuce layin alli. Ga shi manhajar ba ta ƙirga cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, don haka mawaƙan yanzu tun farkon waƙa suke jefo abin da zai kama ka. Kiɗan gem ba haka yake ba. An tsara shi ne don mutumin da hannunsa da idonsa ke kan wani abu, zai yi ta zagayowa na awa guda ko biyu, dole ya yi daɗi ba tare da ya gundure ka ba.

Nan ne abin ya taɓa ni ƙwarai, don mu ma muna da irinsa. Na taso ina ganin gayya a ƙauyenmu, mai gangar noma na bin bayan samari, idan ya ga kunya ta kusa ƙarewa sai ya ƙara wa kiɗan wuta. Mahauta na da kalangunsu, 'yan dambe na da nasu. Kiɗa ne na rakiyar aiki. Abin da mai tsara kiɗa ɗan Japan Koji Kondo ya yi ke nan a gem ɗin Super Mario Bros. a 1985: idan lokaci ya kusa ƙare wa mai wasa, kiɗan sai ya ƙara sauri. Kuma na'urar da ya yi wa kiɗan ba ta iya fitar da sauti sama da biyar a lokaci guda, babu makaɗa, babu murya. Da yake ba abin da zai ɓuya a bayansa, sai da karin kansa ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa ji biyu za ka yi masa ka kama kanka kana fito da shi.

Wanda na fi kunnawa bayan ƙarfe sha biyu shi ne na gem ɗin Minecraft, wanda Bajamushen nan Daniel Rosenfeld ya tsara. Piyano ne a hankali, da shiru mai tsawo a tsakani, har kana jin ƙarar keke ta shiga ciki kamar da ita aka yi. Sai na Joe Hisaishi, mai yi wa kamfanin katun na Japan, Studio Ghibli, kiɗa, wanda nake ajiyewa don surfani. Na Nobuo Uematsu a gem ɗin Final Fantasy kuwa sai ranar da mai kaya ya ce gobe zai zo karɓa. Ban yi mamaki ba da na ji tun 2023 masu kyautar Grammy suka ware wa kiɗan gem rukuninsa.

Inda bai gamsar da ni ba: waƙoƙin buɗe shirin katun. Ana yanka su ne su cika kamar daƙiƙa 90, da ganguna da ihu, kuma a gaskiya waƙar kasuwa ce ta Japan, ba ta da bambanci da abin da na guda, sai dai ba na jin yaren. Haka kuma kundin gem ɗaya kan zo da kiɗa tamanin ko fiye, wasu gajeru ne ƙwarai, wasu na fagen faɗa ne masu sa gaba faɗuwa. Sai da na yi sati ina tsince, na bar arba'in da 'yan kai, na sauke su a waya don kada data ta sha wuya.

Da rana, idan yaran shago na nan ana hira, waƙar Hausa muke sawa, don kiɗan da ba a amsawa ba ya haɗa mutane, ba kuma zai yi biki ko suna ba. Amma tela, da ɗalibi mai karatun dare, da mai buga takardu a kwamfuta, ina ba su shawara su gwada. A fara da na Minecraft, da iyafis, sauti ƙasa-ƙasa yadda za ka ji idan an yi sallama.