PSU mai "650W" da na sayo a Computer Village

Jama'a, akwatin wutar kwamfutar nan, PSU ɗin da na sayo a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja a Legas, saura ƙiris ya ja mini asarar da zan daɗe ban farfaɗo ba. Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna a nan Agege. Na daɗe ina tari kafin Allah Ya hore mini katin RTX 3070, wato katin da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta, na hannu, tokumbo mai kyau. Na san katin kaɗai yana cin 220W, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ta ce a haɗa shi da PSU mai 650W. Shi ya sa da wani mai shago ya miƙo mini wani baƙi, an rubuta 650W ɓaro-ɓaro a jikinsa, ga sauƙin kuɗi, ban tsaya dogon bincike ba. Katina igiya biyu masu baki takwas yake so, akwatin kuwa ɗaya ce da shi, sai ya cike mini da wata 'yar adafta da ake jonawa a igiyoyin Molex, wato tsohon samfurin igiyoyin wuta masu baki huɗu, ya ce ba matsala.

Kwana goman farko ban ga aibunsa ba, gaskiya. Ba ƙara, ba zafi, har na yaba shi wurin wani abokin sana'a.

Sai daren Alhamis. Akwai bidiyon ɗaurin aure da na yi alkawarin bayarwa kafin a tafi masallacin Juma'a. Na gama yanka, na sa kwamfuta ta fitar da shi, ya wuce rabi, sai ɗif! Na zaci wuta aka ɗauke, na ɗaga kai na ga fankar sama na juyawa abinta. Na kunna, na sake, a daidai wurin ta sake mutuwa. A karo na uku ƙaurin roba ya cika ɗakin. Da na buɗe, bakin adaftar nan ya yi baƙi ƙirin, ya narke ya manne. Wallahi hannuna rawa yake lokacin da na zare katin ina haska shi da fitilar waya, ina juya shi ina neman inda ya ƙone. Ban runtsa ba ranar.

Da sassafe na hau danfo, bas ɗin haya ta Legas, na kai wa wani dattijo Bakano mai gyara. Ya ɗaga akwatin a tafin hannu ya girgiza kai, ya ce kamar babu komai a ciki. Ya nuna mini ƙananan rubutun da ke gefe, inda aka sa 12V, a ƙasansa 30A. Ya ce, "Ƙanena, buga mini 12 sau 30." Na ce 360, Yaya. Ya ce to 360W, iya abin da ke gare shi a layin ke nan, domin katin da furosesa duk daga layin 12V suke sha, kuma katin kan yi zarin wuta farat ɗaya in aiki ya yi nauyi. Kowace igiya mai baki takwas 150W aka yi ta ta ɗauka, siraran wayoyin adafta ba za su jure ba.

Ya zaɓa mini wani mai tambarin 80 Plus Bronze, wato shaidar cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, shi ma 650W, amma 54A ne a layin 12V, da igiyoyin katin biyu nasa na kansa. Alhamdulillahi katin ya tsira, kuma tun ranar ko sau ɗaya kwamfutar ba ta mutu ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne mai shagon. Na mayar masa da kayansa da narkakkiyar adaftar, ya ce wai janareta ne ya ƙona, alhali daren nan ko tayar da shi ban yi ba, kuma ina da sitabilaiza. Ko sisi bai mayar mini ba. Bidiyon kuwa sai ranar Asabar na kai, na yi ta ba uwar ango haƙuri a ƙofar gida, kaina a sunkuye.